Ban da ƙwallo da GTA, wane gem ne mai daɗi da mutane suka yi watsi da shi?

Danlami_Aboabo
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon gem a Aboabo cikin Kumasi, PS4 uku da PS2 ɗaya da na ƙi rabuwa da ita, sai wata kwamfuta a lungu. Tun safe har dare abu uku yara ke tambaya: ƙwallo, Mortal Kombat, GTA. Ni kaina na gaji da jin muryar mai sharhin ƙwallon nan. Ina so in ƙara wasu kafin hutun makaranta, amma irin waɗanda suka yi kyau aka wuce su ba a lura ba. Sharaɗi biyu: kada ya zama sai da intanet, kada kuma ya cinye mini data wajen saukewa. Kowa ya kawo nasa da dalili, kada a jero mini suna kawai.

SawabaBoy
God Hand. Na gama magana.

Danlami_Aboabo
Cale, na ce da dalili.

SawabaBoy
To Yaya, ga dalili. Gem ne na PS2 na 2006, wanda ya yi shi Shinji Mikami ne, mutumin da ya yi Resident Evil 4. Kai kake tsara naushinka da kanka, ka zaɓi wanne zai biyo bayan wanne. Kaucewa duk a sandar dama take, sama ka duƙa, gefe ka zille, ƙasa ka yi tsalle baya. Abin da ya fi burge ni, gem ɗin yana kallon yadda kake bugawa. In kana cin su sai ya ƙara wuya, daga mataki na ɗaya zuwa na uku, har ya kai wanda aka rubuta Die. In suna lallasa ka sai ya sassauta. Amma da ya fito, shafin IGN maki 3 cikin 10 ya ba shi, kuma kamfanin da ya yi shi, Clover, bai kai shekara ba bayan nan aka rufe shi.

Rashid_KNUST
Ni fa a nan nake ganin sai mun tsaya. God Hand a wajen Turawa ne aka raina shi. A Zongo wa bai san God Hand ba? Duk wanda ya taso lokacin PS2 a Asawase ko Sabon Zongo ya ga yara sun yi cincirindo a bayan mai bugawa suna ihu. Jerin da ake yi a YouTube na wasannin da aka manta, rabinsu mu da su muka girma, don faifansu ne ya fi yawa a kasuwa. Waɗanda kuma suke yabo kamar me, mu ko sunansu ba mu ji ba. Sai Yaya Danlami ya faɗa mana watsin wa yake nufi, namu ko nasu.

Danlami_Aboabo
Na yaran yanzu nake nufi. Wanda aka haifa 2012 bai san God Hand ba, bai san Clover ba, Mbappe ya sani.

Kawu_Alabar
In haka ne ka tayar da PS2 ɗin nan ka sa musu Downhill Domination. Tseren keke ne daga saman dutse zuwa ƙasa, ya fito 2003, kuma a PS2 kaɗai yake. Kana gudu kana naushin na kusa da kai, ka harbe shi da ƙafa, ka jefe shi da kwalba. Akwai hanyoyin yanke da sai wanda ya daɗe yana bugawa ya san su, za ka ga mutum yana bayanka, kafin ka ankara ya faɗo daga saman wani dutse yana gabanka. Mu da shi muka ci zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, in an kawo wuta ko cikin dare ne sai an yi zagaye ɗaya kafin a kwanta.

Zee_Tafo
Kawu ashe kai ma ka yi ƙuruciya 😂

Kawu_Alabar
'Yata, har yanzu in na riƙe hannun gem babu yaron da zai wuce ni a gangare.

NimaSniper
Gaisuwa daga Accra. Ku mutanen Kumasi kun maƙale a PS2 kamar yadda kuka maƙale da tarihin kulob ɗinku na ƙwallo, Kotoko. Mutum ya ce yana da PS4 uku. Yaya Danlami, nemi faifan Titanfall 2, ko na hannu ne, na san ba za a rasa a Adum ba. Ba a taɓa zaluntar gem kamar wannan ba. An sake shi 28 ga Oktoba 2016, mako ɗaya bayan Battlefield 1, mako ɗaya kafin Call of Duty na shekarar. Kuma Battlefield ɗin da shi duk kamfanin EA ne ya fitar da su, wato gida ɗaya aka sa su cin kasuwar juna. Wa zai sayi na tsakiya? Amma labarinsa ya fi na duka biyun. Kai soja ne, abokinka wani ƙaton mutum-mutumi mai suna BT, kana gudu a jikin bango, in yaƙi ya yi zafi ka shige cikinsa. Akwai wani mataki da kake danna maɓalli ɗaya ka koma shekarun baya a cikin gini ɗaya. Yanzu kango ne da wuta da namun daji, ka danna, sai ga ginin sabo fil da masu gadi sun auno ka, ka sake dannawa ka zagaya ta bayansu. Yaran da ke buga Apex Legends ba su san daga nan duniyar tasu ta fito ba. Labarin ba ya buƙatar intanet, kuma ba shi da tsawo.

SawabaBoy
Ka bar Kotoko a gefe, mun ga inda Hearts ɗinku take.

MaiShago_Asawase
Ku duka kuna magana ne a matsayin masu bugawa, ni bari in yi magana a matsayin mai shago irin Danlami. Ba rashin sani ne ya sa yara suka tsaya kan ƙwallo ba, tsarin biya ne. Wasan ƙwallo minti goma ya ƙare, wanda aka ci ya biya, wanda ya ci ya zauna, na gaba ya karɓi hannu. Kuɗi na shigowa, layi na tafiya, 'yan kallo na jin daɗi. Yanzu ka sa Titanfall 2 ɗin. Yaro ɗaya ya riƙe inji awa guda, sauran suna hamma, gobe ya dawo wani ya goge masa inda ya tsaya, rigima ta tashi. Da kuɗin koko da ƙosai yaro yake zuwa, ba zai zuba shi a labarin da ba zai ga ƙarshensa ba. Na taɓa sa Sleeping Dogs a shagona don ni ina son shi, ɗan sandan ciki ne da ya shiga ƙungiyar 'yan daba a Hong Kong, faɗan hannunsa ya fi na GTA nesa ba kusa ba. Me yara suka yi? Suka saci mota suka yi ta buge mutane a titi, daidai abin da suke yi a GTA. Babu wanda ya bi labarin. Saboda haka Danlami, duk abin da za ka ƙara, ya zama mutum biyu zuwa huɗu za su buga tare, kuma ya ƙare da wuri.

Danlami_Aboabo
Wallahi Alhaji ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

Rashid_KNUST
To bisa sharaɗin Alhaji: Rayman Legends, 2013, mutum huɗu a allo ɗaya. Akwai matakan da tsalle da naushi suke tafiya daidai da kiɗa, in ka kuskure bugu ɗaya ka faɗi. Kuma a cikinsa akwai wani ɗan wasan ƙwallo, Kung Foot, raga biyu, ana dukan ƙwallo ana dukan juna. Da shi za ka jawo su, daga nan su leƙa sauran.

Zee_Tafo
Ku ƙara Overcooked. Mutum huɗu a kicin ɗaya, wani na yanka albasa, wani na wanke kwano, wani ya bar tukunya ta kama da wuta, oda na ta shigowa. Kamar gidan biki ne ranar da mai dafa waakye ta makara, kowa na ba kowa umarni babu mai ji. Ni da ƙannena mun buga, ƙaramin ya yi fushi ya daina yi mini magana har bayan isha'i saboda na jefar masa da miya. Kowane zagaye 'yan mintuna ne, ya dace da shago. Kuma don Allah ku riƙa tunawa 'yan mata ma suna buga gem, shagunanku ne ba sa shiguwa.

SawabaBoy
Gem ɗin girki? A Aboabo? Za a yi wa Yaya dariya har Kejetia.

Zee_Tafo
Ka gwada tukuna, mai God Hand. Ina tabbatar maka kai za ka fara ƙona kicin.

Ummu_Hanan
Ni ba ni da PS, waya ce kawai, amma tunda an buɗe fage. Alto's Odyssey kyauta ne a Android, ba ya son intanet, sulu ne a kan rairayin sahara, yatsa ɗaya ya isa. Mini Metro kuma na saya da kuɗi ban yi da-na-sani ba. Kai kake zana layin jirgin ƙasa na birni, tashoshi na ƙaruwa, fasinja na taruwa, in tasha ɗaya ta cika ta daɗe an cinye ka. Akwai Alƙahira a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran trotro da yamma zai gane ciwon da gem ɗin ke magana a kai. Wahalar dai biya ce, mu da MoMo muka saba, su kuma kati suke tambaya.

Baba_Yalwa
Na jira in ga ko wani zai ambata, shiru. Ku Hausawa ne kuwa? Akwai gem da aka sa Hausa a cikinsa, sojoji suna amsa maka da Hausa, kuma yawancinku ba ku taɓa buɗe shi ba. Age of Empires III, sabon bugun da ake kira Definitive Edition. A Agustan 2021 suka fitar da ƙari mai suna The African Royals, aka sa al'umma biyu, Habasha da Hausa. Babban birninka Kano. Kana kiwon shanu, su yi ƙiba ka sayar a kasuwar dabbobi ka sami itace ko zinariya. Kana gina fada da jami'a su tara maka tasiri, da shi kake ɗaukar mayaƙan haya. Akwai mahaya doki masu lifidi, akwai Maigadi, akwai maharban Fulani, har maroƙi mai kiɗa yana bin runduna. In za ka shiga sabon zamani sai ka zaɓi wanda za ka ƙulla ƙawance da shi, cikinsu har da Akan, wato maƙwabtanmu na nan. Ranar da na danna wani ɗan ƙauye a allo ya amsa mini da harshen da nake yi da mahaifiyata, sai da na kira yarana suka zo suka ji. Danlami, kwamfutar nan ta lungu, in tana da ɗan ƙarfi, wannan ne aikinta.

NimaSniper
Tsaya Baba, da gaske? Hausa Hausa?

Baba_Yalwa
Hausa tsantsa, ɗana. Ta Najeriya ce dai, ba irin tamu ta Zongo da muke haɗa mace da namiji duk a "ya" ba.

Malama_Hadiza
Na duba bayan maganar Baba. Shugabar da suka ba Hausawa Sarauniya Amina ce, amma birnin Kano. Amina ta Zazzau ce, kowane ɗan firamare a Zariya ya san haka. In za a yi abu a yi shi daidai mana.

Rashid_KNUST
Malama, gem ɗin al'umma ɗaya yake ba birni ɗaya da shugaba ɗaya, dole su tattara. Sun ɗauki birnin da ya fi suna a kasuwanci da sarautar da ta fi suna a yaƙi. Ni ban ga laifi ba. In kina son a rarrabe, Europa Universalis IV ya raba su, Kano daban, Katsina daban, Zazzau daban, ga Asante da Dagbon a taswira ɗaya. Crusader Kings III kuma na 2020, in ka fara daga shekarar 867, cikin sarakunan da gem ɗin da kansa yake ba ka shawarar ɗauka akwai Daurama ta Daura. Kamfanin Paradox na Suwidin ne ya yi duka biyun. Sai dai gaskiya karatu ne zalla, Turanci ne cunkus da taswira, yaron shago ba zai yi minti biyar a kai ba.

Malama_Hadiza
Tattarawa daban, koya wa yaro kuskure daban. Yaranmu na nan ba sa karanta tarihin Hausa a makaranta, abin da suka gani a allo shi za su riƙe.

Kawu_Alabar
In don tarihi ne, su fara da na ƙofar gida. Yara nawa ne a Aboabo suka san fataucin goro ta Salaga ne ya fara haɗa kakanninmu da Asante? A yi mana gem ɗin ayari mana, ka ɗauko goro ka bi da jakuna har Kano, ka kiyaye kada ya bushe a hanya, ka biya fito a bakin kogi, madugu na gaba.

Zee_Tafo
Kawu wannan zan saya.

Accra_Dev
Tunda an zo nan, akwai masu yin gem a ƙasar nan fa, mu ne ba ma nema. Leti Arts a Accra suke tun 2009, Eyram Tawia da ya yi karatu a KNUST ne ya kafa tare da Wesley Kirinya na Kenya, sun yi Africa's Legends na waya da jaruman tatsuniyoyin Afirka, har da Ananse. A Kamaru Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Na baya-bayan nan kuma Tales of Kenzera: Zau, 2024, na Abubakar Salim, wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins. Ya yi shi ne bayan rasuwar mahaifinsa, labarin yaro ne da ke ciniki da mutuwa don a dawo masa da uba, kuma ana iya sa muryoyin da Swahili. Sai dai babu shi a PS4, sai PS5 ko kwamfuta ko Switch ko sabon Xbox. Muna kukan ba a sa mu a gem, in an sa mu kuma sai mu jira na sata.

SawabaBoy
Far Cry 2 ma ai Afirka ce. 2008. Bindiga na tsatsa ta cije maka ana tsakiyar harbi, ka kunna wa ciyawa wuta iska ta kwashe ta zuwa sansanin maƙiya, taswira a hannu kake riƙe ta kana tuƙi. Har zazzaɓin cizon sauro ke kama ka, allo ya yi rawaya, sai ka haɗiyi magani. Tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Malama_Hadiza
Wato Bature ya tashi nuna Afirka, abin da ya gani yaƙi, lu'ulu'u da maleriya. Ƙasar ko suna ba su ba ta ba. Na gode, a bar shi inda aka manta shi.

SawabaBoy
Malama ni dai wutar ciyawar nake so.

Ustaz_SabonZongo
Ban hana kowa nishaɗi ba, amma abu biyu. Na farko Danlami, akwai lambar shekaru a jikin kowane kwali. Sleeping Dogs da GTA 18 aka rubuta, kuma 'yan shekara goma ne cike da shagunanku. Iyayensu ba su san abin da ke ciki ba, ku kun sani, amanar tana wuyanku. Na biyu, ƙwallon da kuke ganin ita ce mai tsabta, ɓangaren da ake sayen fakiti da kuɗi ba ka san ɗan wasan da zai fito ba, wannan da caca ɗan juma ne da ɗan jummai. Ba ni kaɗai na faɗa ba, Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018, har aka daina sayar da kuɗin cikin gem ɗin ƙwallo na FIFA a can farkon 2019. Tsofaffin wasannin da kuke lissafawa aƙalla sau ɗaya ake biya. Sannan a riƙa kashe inji in an kira salla.

Danlami_Aboabo
Ustaz, ana kiran salla nake sauke ƙofa, unguwa shaida ce. Maganar shekaru kuma na ji, shi ya sa ma nake neman madadin.

MaiShago_Asawase
Ustaz ya yi gaskiya, amma in na cire GTA yau, gobe suna shagon bayan layi. Sai dai duk masu shago mu haɗa baki, kuma kun san halinmu.

Accra_Dev
Ga mai kwamfuta da ba ya son na sata: Epic Games Store na ba da gem kyauta duk ranar Alhamis, in ka karɓa ya zama naka. Ka karɓa da waya, ka sauke ranar da ka sami intanet mai arha ko bandir ɗin dare. Age of Empires III ɗin ma akwai ɓangaren gwaji kyauta a Steam, amma Hausa cikin ƙarin da ake saya take.

Baba_Yalwa
Ta cancanci kuɗinta. Danlami, in ka sa shi ka yi mini magana, zan zo da kaina ranar Asabar bayan la'asar in nuna wa yara yadda ake fara gari. Rabin awa ana gama yaƙi ɗaya in an rage taswira, saboda haka ko sharaɗin Alhaji bai karye ba sosai.

MaiShago_Asawase
Rabin awa wasan ƙwallo uku ne, Baba.

Danlami_Aboabo
To ga inda na tsaya. Gobe zan shiga Adum neman Rayman da Overcooked. PS2 zan kai a duba mata ido, in ta tashi Downhill da God Hand sun samu wuri. Titanfall zan saya don kaina, in buga bayan an tashi. Na Baba kuma sai na ga ko kwamfutar za ta iya, memorinta giga huɗu ne kawai. Abin da ban warware ba shi ne yadda zan caji mutum huɗu a inji ɗaya, kowa ya biya ko a raba?

Rashid_KNUST
Giga huɗu zai yi maka nauyi, ka ƙara ya kai takwas, na hannu ba tsada.

MaiShago_Asawase
Ka caji lokaci, kada ka caji kai. Minti goma sha biyar kuɗi kaza, su je su sasanta a junansu.

Zee_Tafo
A Overcooked babu wanda aka ci, duka ake ci ko duka a faɗi. To wa zai biya a tsarinku na wanda aka ci ya biya?

SawabaBoy
Wanda ya ƙona miya.

NimaSniper
Yaya Danlami, in ka kai matakin nan na komawa shekarun baya a Titanfall ka dawo nan ka rubuta. Kuma wani ya gaya mini ko laftof mai Core i5 ba tare da katin hoto ba zai ɗauki na Hausar nan, don ni yanzu shi ya tsaya mini a rai.